Malam Lirwanu Mai Sauraron Ruwa

Na san Malam Lirwanu ne a farkon shekarar 1999, lokacin da aka turo ni wata sakandaren maza da ke Anka in koyar da labarin ƙasa. Shi fiziks yake koyarwa, kuma bai daɗe da riga ni zuwa ba. Teburinmu ɗaya a ɗakin malamai. Dogo ne siriri, yana ɗan ranƙwafawa in yana tafiya, ga tabon ƙuna a yatsunsa wanda daga baya na gane na ƙarfen liƙin dalma ne. Ba shi da yawan magana. Sai da muka yi watanni tare kafin na ji a bakin wani cewa mutumin nan da ke zuwa makaranta bisa tsohon keke ya yi shekara biyu a Ingila.

Ɗan Anka ne ta wajen uba. Mahaifinsa manomi ne, da rani kuma yana ɗinkin hula. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, 'yar wani ƙauye ce kusa da Nasarawa Burkullu a ƙasar Bukkuyum. Da yake shi ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa ambatar sunansa ba, Malam take ce masa tun kafin ya zama malamin. Ya yi digirinsa a Sakkwato, sakamakonsa ya yi kyau, wani malaminsa ya tsaya masa ya sami gurbin ƙaro karatu, ya tafi a 1996. A can aka sa shi a wani ɗakin bincike da ke ƙera sassan na'urar MRI, wato na'urar asibitin nan da ke ɗaukar hoton cikin jikin mutum ba tare da an tsaga shi ba.

Ranar da na tambaye shi abin da ya yi a can, muna duba takardun jarrabawa ne. Ya ajiye biro ya yi mini bayani a hankali, yadda yake yi wa 'yan aji huɗu. Ya ce yawancin jikin mutum ruwa ne, a cikin ruwa kuma akwai sinadarin haidurojin, wanda cibiyar kowace ƙwayarsa take kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu. In aka shigar da mutum cikin babban maganaɗisun na'urar, aka aika masa da igiyar rediyo daidai zangon da haidurojin yake ji, sai waɗannan cibiyoyi su amsa da tasu 'yar siginar mai rauni ƙwarai. Abin da ke sauraron amsar shi ake kira koyil, naɗin wayar jan ƙarfe ne da ake ɗorawa a jikin mutum, kuma da abin da ya jiyo ake haɗa hoto. Na'urorin asibiti haidurojin kaɗai suke saurare. Amma akwai fosfaras a jiki, wanda ke nuna yadda tsoka take cin ƙarfinta, akwai sodiyam ma, kowanne da nasa zangon kamar tashoshin rediyo. Aikin da aka ba shi shi ne ya ƙera koyil ɗaya da zai kama haidurojin da fosfaras a lokaci guda, don kada a riƙa fito da majinyaci ana sauya kaya, ya motsa, hoton farko ya ƙi haɗuwa da na biyu.

"Wahalar ita ce," in ji shi, "duk tashar da ka gyara sai ta ɓata 'yar'uwarta. In ka sa abin da zai tsare wannan kada ta shiga waccan, shi ma abin sai ya ci nasa rabon siginar. Ta fosfaras kuwa dama can ba ta da ƙarfi."

Ya ƙera guda wanda ake ɗaurawa a sha-raɓa. A ƙafarsa aka riƙa gwadawa: ya kwanta cikin na'urar yana taka wani feda har tsokar ta gaji, abokan aikinsa suna kallon yadda fosfaras yake sauka yana komawa. Wannan ɓangaren ya fito da kyau, amma hoton haidurojin ya yi duhu ta gefe ɗaya. Yana cikin neman dalili aka aiko masa cewa mahaifinsa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu. Ya haɗa kundin digirinsa da abin da ya samu ya miƙa. Shugabar ɗakin binciken ta so ya tsaya ya zarce digiri na uku, ya ce mata bari ya je gida ya dawo. Ya tarar da tsohon da ransa, ya yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. To ga Inna, ga ƙanne, ga gona. Bai koma ba. Ban taɓa jin ya faɗi wannan da ɗaci ba, yana faɗinsa ne kamar yadda manomi zai ce damina ta yi gajarta a shekara kaza.

A shekara ta 2000 ya auri Zulai, malama ce a wata firamare da ke bayan kasuwa. Mace ce mai fara'a da kunne mai kaifi, tana cikin gida za ta gaya maka babur ɗin wa ya tsaya a ƙofar gida. Suka haifi 'yarsu ta fari, Atine, rayuwa ta kama hanya irin ta kowane malamin makaranta: aji da safe, gona da la'asar in damina ce, masallaci, barka da suna da gaisuwar mutuwa.

Abin da ya tayar da tsohon aikin shi ne ɗalibansa. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar ba shi da komai sai 'yan ma'aunai da kwalabe, duk abin da ya koyar a allo yake ƙarewa, yara su haddace su rubuta. Wata rana ya faɗa musu labarin cibiyoyin da ke amsawa, ya ga suna kallonsa da ladabi irin na wanda ake yi wa tatsuniya. Abin ya tsaya masa a rai. Da muka fito ya ce mini duniya ita kanta maganaɗisu ce, mai rauni dai, amma ta isa. In ka sami koyil mai naɗi da yawa ka sa kwalbar ruwa a ciki, ka ba shi wutar batirin mota na ɗan lokaci sannan ka yanke farat ɗaya, haidurojin ɗin ruwan zai amsa, kuma saboda raunin maganaɗisun duniya amsar za ta faɗo a zangon da kunnen mutum ke ji. Ba hoto za a samu ba, murya kawai. Yana so yaran su ji da kunnensu. In hakan ta yiwu kuma, zai gwada sa koyil ɗin ya kama fosfaras tare.

Ni ban fahimci rabin abin ba, amma ina da babur, shi kuma keke gare shi. Ta haka na shiga aikin.

Wanda ya yi naɗin wani dattijo ne a Gummi, Jibo, mai gyaran injin ban ruwa da fanka da janareta. Shagonsa cike yake da ƙonannun injuna da warin fenti. Malam Lirwanu ya kai masa guntun bututun roba mai faɗi, ya faɗa masa kaurin wayar da yawan naɗin. Jibo ya juya bututun ya tambayi inda ƙarfen tsakiya zai shiga, aka ce masa babu, ruwa za a sa. Ya gyara zaman gilashinsa. Da muka koma karɓa, naɗin ya yi kyau sumul, layi bisa layi, sai dai ya kama katakon gefe da gefe da ƙusoshi. Malam Lirwanu ya ba shi haƙuri ya ce ko tsinken ƙarfe ba a so a jikinsa, don ƙarfe yana murɗe maganaɗisun duniya a kewayensa, muryar ta watse kafin a ji ta. Jibo ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya feƙe turakun icce ya maye gurbinsu.

"Shekara talatin nika wanga aiki," ya ce, "ban taɓa naɗa ma ruwa waya ba. In ya yi magana, Malam, ka zo ka gaya min mi ya ce."

Amfilfayar da za ta ƙara ƙarfin siginar shi ya haɗa ta da hannunsa, da sassan da ya ciro daga matattun rediyoyi da waɗanda ya yi saƙo aka kawo masa daga Kano. Mun fara gwaji a filin ƙwallon makaranta ran wata Asabar. Ya sa abin ji a kunne, ya haɗa batir, ya jira, ya yanke. Babu komai sai gurnanin wayoyin lantarki. In an ɗauke wuta kuma janaretocin gari su tashi. Muka matsa bayan makaranta, rufin kwano da rodin gini suka hana. Muka je bakin gulbi da damina, walƙiyar da ake yi can nesa, wadda ido ma ba ya gani, ta cika kunnensa da ƙaras-ƙaras. Haka aka yi ta yi kusan shekara biyu, ba kowane mako ba, sai in an sami sarari. Wani lokaci ya yi wata bai taɓa kayan ba, sai kuma in ga ya zo da sabon zane a bayan takardar jarrabawa. Malamai suka sa masa suna mai sauraron ruwa. Yana ji, yana murmushi.

Inna ce ta kawo mafita. Ta gaji da ganin batir da wayoyi a zaure, ta tambaye shi abin da yake nema har yanzu bai samu ba. Ya ce wurin da babu wuta babu kwano babu mota.

"In shiru kaka biɗa, Malam, tahi gonar kawunka Mu'azu," in ji ta. "Can ko kai kira ka yi sai ya dawo maka."

Bayan girbin 2003 muka ɗaure kayan a babur muka kama hanyar Bukkuyum, muka sauka daga kwalta muka bi turɓaya. Kawu Mu'azu, ƙanen Inna, gajere ne kakkaura, ya tarbe mu da fura mai yawan nono wadda maƙwabtansa Fulani suka kawo. Da hantsi muka fita gona. Malam Lirwanu ya sa muka bar babur can nesa, muka cire agogo da makullai da bel, ya roƙi Kawu ya ajiye wuƙar da ke ƙugunsa. Kawu ya ajiye, amma ka ga bai ji daɗi ba. Aka ɗora koyil a kan gadon kara a gindin wata tsamiya, bakinsa yana kallon gabas, don dole ya gitta wa maganaɗisun duniya wanda ya miƙe kudu da arewa. Kawu ya ce ko ba komai abin ya san alƙibla.

A karon farko gurnani ya ɓace. Malam Lirwanu ya ce bai taɓa jin shiru irin wannan a kunnensa ba. Amma muryar ba ta zo ba. Ya gwada har rana ta take, ya sauya kafasito, wato ɗan abin da ke daidaita zangon koyil ɗin, ya sauya ruwa, ya duba kowane liƙi. Muka yi azahar, muka ci tuwo, ya zauna ya yi tagumi. Cikin hira ne, ba ma a kan aikin ba, Kawu yake ba ni labarin gonar, ya ce tsamiyar nan a zamanin kakansa maƙera ne ke zaune a gindinta, har yau in ana huɗa garma tana tono kashin maƙera. Malam Lirwanu ya ɗago kai. Ya tashi ya tona ƙasa da hannu, ya fito da wani baƙin dunƙule mai nauyi. Ashe tun safe a kan tsohon ƙarfe muke zaune.

Muka kwashi kayan zuwa ƙarshen gonar inda ƙasar take rairayi zalla, muka kafa rumfa da zana. Ya haɗa batir, ya jira, ya yanke. Na ga bayansa ya miƙe. Ya sake yi. Sannan ya zare kwalbar ruwan ya yi babu ita, ya maido ta ya sake. Sai ya cire abin jin ya miƙo mini.

Abin da na ji siririn sauti ne, kamar an ƙwanƙwasa ƙaramin kofin gilashi a wani ɗaki can nesa, ya yi ta shuɗewa har ya ɓace kafin in gama sauke numfashi. Da ba a ce mini in saurara ba, da ban kula da shi ba. Ya zare kwalbar, babu. Ya maido, ga shi. Ya aiki Kawu ya ɗauko wuƙarsa, aka ajiye ta kusa da koyil, sautin ya mutu tun bai fara ba. Aka janye ta, ya dawo. Kawu ya sa abin jin a kan hularsa, aka gyara masa, ya runtse ido ya saurara.

"To wanga shi ne abin da ka tahi Ingila koyo?"

"Ƙanensa ne, Kawu."

Kawu ya ce Allah ya raya shi, ya maida wuƙarsa ƙugu. Malam Lirwanu ya zauna dirshan a rairayi ya ce alhamdu lillahi, ya daɗe bai tashi ba. A hanyar komawa sai da muka zarce Gummi, duk da ba hanyarmu ba ce, don ya gaya wa Jibo.

Daga shekarar, kowane rani yakan nemi izinin shugaban makaranta ya kwashi 'yan ajin ƙarshe a bayan akori-kura zuwa gonar. A tara agogo da bel a cikin ƙwarya can nesa, su yi layi, kowa ya ji. Wasu sukan ce ba su ji komai ba, ya ce su sake, kada su ce sun ji don su faranta masa. Akwai waɗanda suka zama injiniyoyi a cikinsu, akwai waɗanda suka koma noma da kasuwa, amma duk wanda na haɗu da shi yana tuna ranar.

Sai ya koma kan fosfaras. Ya sami wata tsohuwar kwalbar asid mai fosfaras a ma'ajiyar makaranta, Jibo ya ƙara masa naɗi na biyu, shi kuma ya zana da'irar lantarki mai zango biyu, ɗaya na haidurojin, ɗaya can ƙasa na fosfaras. Ranar da ya fara haɗawa sai muryar ruwan ta ragu har da ƙyar ake jin ta. Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce matsalar da ya baro a Ingila ta biyo shi har ƙasar Bukkuyum. Ya sake zane, ya raba naɗin biyu, ya sa abin tsarewa, ya cire. Muryar ruwa ta dawo, ta fosfaras ba ta zo ba. Lissafinsa ya nuna masa tun farko cewa za ta yi rauni ainun, ƙila ƙasa da abin da kayansa za su iya ji, amma ya ce lissafi daban, gwadawa daban.

A wajen wannan fama ne ya lura da wani abu. Duk lokacin da ya gusa wayar da ta fito daga koyil zuwa amfilfaya, ƙarar da ke kunnensa sai ta sauya. Ya tsaya riƙe da wayar, sannan ya ce mini koyil ɗinsa na Ingila, gefen da hoton ya yi duhu, ta nan wayar take fita. Shekara da shekaru yana zargin kafasitoci, ashe ƙila wayar ce da kanta take ɗaukar wuta a bayanta tana ɓata gefen. Na tambaye shi ko akwai yadda zai tabbatar, ya ce babu, na'urar tana can, shi yana nan. Ya ci gaba da aikinsa.

Wata rana Zulai ta biyo mu, ta zo gaida dangin Inna. Ya ba ta abin ji saboda kaifin kunnenta. Ta saurara ta ce lallai akwai wani amo mai kauri a ƙarƙashin siririn. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce ta juya baya ta huta kaɗan, ya zare kwalbar asid ya sa ta ruwa zalla ba tare da ta gani ba, ya sake yi. Ta ce ga shi nan, ta ƙara ji. Ya nuna mata kwalbar. Ta cire abin jin ta ajiye, ranta ya ɗan sosu.

"Wayo ka yi mini ke nan, Malam."

"Ba ke na yi wa ba," ya ce. "Kaina na yi wa. Na fi ki son ya zama gaskiya."

Da za mu tafi ita ta naɗe wayoyin. Fosfaras dai bai taɓa jin sa ba, kuma bai taɓa cewa ya ji ba.

Wajen 2007 harkar zinariya ta fara ƙarfi a ƙasar Anka da Bukkuyum. Baƙi suka yi ta shigowa, ana haƙa, ana niƙa dutse. Labari ya bazu cewa akwai wani malami da ya yi karatu a Turai, yana da na'urar da ke jin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake yawan zuwa gonar kawunsa yana hana kowa matsowa da ƙarfe. Wani mai sayen zinariya, Surajo, baƙo ne daga gabas, ya yi sallama da shi a gida da mutunci, ya kawo tsaraba, ya ce su haɗa hannu. Malam Lirwanu ya yi masa bayani, bai gamsu ba, don haka ya kai shi gonar. Ya sa masa abin ji ya ji ruwa. Surajo ya ciro dutse mai ɗigon zinariya daga aljihu, aka sa a cikin koyil, shiru. Malam Lirwanu ya ce abin nan ruwa kaɗai yake ji, ruwan ma sai wanda aka sa masa a ciki. Surajo ya yi godiya ya tafi, amma daga kallonsa ka san ya ɗauka ana ɓoye masa ne.

Ba a yi wata ba Kawu ya aiko. Wasu sun shiga gonar sun haƙa ramuka daidai inda rumfar take, ba su sami komai ba, sun bar masa ramukan a buɗe ga damina na matsowa. Ba a san ko su wane ne ba. Malam Lirwanu ya je da kansa, shi da Kawu suka yi ta cikewa da shebur da kwando. Ya ba Kawu haƙuri, Kawu ya ce ƙasa ce, ta koma inda ta fito. A wajen wannan aikin bayansa ya riƙe. Ya daure ya gama, ya dawo Anka da ƙyar. Kafin rani ya zagayo an kafa injunan niƙa dutse a ƙauyen da ke maƙwabtaka da gonar, babura suna kai da kawo yini guda, tartsatsin fulogoginsu ya cika abin jin da ƙara. Sau ɗaya muka koma, ya saurara, ya kashe amfilfaya, ya ce mu tafi.

Ciwon bayan bai sake shi ba, har ya fara sauka ƙafarsa ta hagu. A 2008 likita a Gusau ya tura shi Abuja a yi masa hoton MRI. Ni na raka shi. Shekara goma rabonsa da ganin na'urar. Da aka kira shi ya cire agogo da bel tun ba a ce masa ba. Ya fito bayan wani lokaci yana murmushi, ya ce ƙarar bugun nan da mutane ke tsoro, shi ji ya yi kamar ya shiga unguwar da ya taɓa zama. Ya roƙi ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta bari ya duba koyil ɗin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin bayansa. Ta yi mamakin tambayar, amma ta ɗauko masa. An rufe shi ruf da farar roba, ba a ganin komai na ciki, kuma na haidurojin ne kaɗai. Sai dai a jikin wayarsa akwai wasu kumbure-kumbure kamar gaɓoɓin rake. Ya shafa su da yatsa, ya ce mini waɗannan su ne ke hana wuta bin bayan waya. Ya miƙa mata ya yi godiya. Da hoton ya fito ya daɗe yana kallonsa ta hasken taga, yana yaba kyawunsa, har sai da likita ya tuna masa cewa bayansa ne, ya nuna masa inda faifan tsakanin ƙashi ya zame. Aka ce ba sai an yi aiki ba, amma ya daina ɗaukar kaya masu nauyi, ya rage hawan babur a mugunyar hanya.

Shekarar da ta biyo aka yi sauye-sauyen malamai. Ni aka mayar da ni Gusau, shi aka kai shi Gummi mataimakin shugaban makaranta. Zulai da yara suka bi shi, lokacin sun zama huɗu. Inna ta ce ita ba ta barin ɗakinta, don haka kowace Juma'a bayan masallaci yakan shiga mota zuwa Anka ya kwana biyu wurinta.

A tashar Anka muka yi haɗuwarmu ta ƙarshe a wannan shekarar, ina kan hanyata ta zuwa wani ɗaurin aure. Ya sauko daga mota a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ƙunshin busasshen kifi da ya sayo wa Inna. Furfura ta fara fito masa a gemu. Muka tsaya a inuwar rumfar mai shayi, ya ce yanzu yawancin lokacinsa a tsara jadawalin darussa da sasanta rigimar ɗakin kwana yake tafiya, amma ya hana a raba shi da aji ɗaya, yana shiga da kansa. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Kwandastan motarmu ya fara kira, ya kwance ƙunshin ya raba kifin biyu ya tura mini rabi a leda, na ƙi, ya ce ba ni ya ba ba, maiɗakina ya ba. Na shiga mota, shi kuma ya tsallaka titi ya nufi cikin gari.